Shekara uku littafina yana tsaye a babi na 14: ƙiwa ce ko mene ne?

Ummu_Hanan_Jidda
Assalamu alaikum 'yan'uwa marubuta mazauna ƙasar nan. Na daɗe ina bin abin da ake tattaunawa a zauren nan ban taɓa tofa albarkacin bakina ba, yau dai abin ya ishe ni. A Kano na tashi, aure ya kawo ni Jidda. Ina rubuta labarin kakata ne, wadda ta baro ƙasar Haɗejia da ƙafa tana amarya, ita da mijinta, suka shekara tara a hanya kafin su ga Ka'aba. Na fara da zafina, cikin wata huɗu na yi babi 13. Yanzu shekara uku ke nan ina kan na 14.

Ba watsar da shi na yi ba. Da shi nake kwana, da shi nake tashi. Amma da na buɗe kwamfuta sai in tuna ban jiƙa wake ba, ko in ga labulen falo ya yi ƙura. Jiya wallahi firij na kwashe na wanke tas, firij ɗin da na wanke ranar Asabar. Na gama ke nan na zauna, sai ga kiran Magariba.

Maigidana ya ce ƙiwa ce kawai. Ni kuma na san mai ƙiwa ba ya wanke firij sau biyu a mako. To mene ne wannan? Waɗanda suka taɓa kammala littafi ko risala a cikinku, yaya kuka yi?

Binta_Taifin
Anti kin sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi. Ni ba firij ba, kayan yara nake warewa in sake ninkewa. Bari in shimfiɗa tabarma in ji abin da manya za su ce.

AbuSumayya_Madina
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, abin nan malamai sun daɗe da raɗa masa suna: taswifi, daga "saufa" ta Larabci, wato "zan yi nan gaba". Kuma ba ciwon masu aikin gida ba ne kaɗai, mu da ke jami'a ya fi kayar da mu.

Da aka amince da khuɗɗar risalata ta majistir, wato tsarin binciken digirina na biyu, shekara guda cur na yi ina abin da na kira tara maraji'i, wato littattafan da zan dogara da su. Kullum ina cikin Shamila, manhajar nan ta littattafan Larabci, in buɗe littafi ya tura ni wani, wancan ya tura ni wani. In je maktabar Masallacin Annabi bayan La'asar in yi ta ɗaukar hoton shafuka da waya, hotunan da har yau ban buɗe rabinsu ba. Duk wanda ya gan ni zai ce bawan Allahn nan ya duƙufa. Ranar da mushrifina, malamin da ke duba aikin, ya ce in kawo abin da na rubuta, shafi 11 ne, bakwai a ciki muƙaddima ce da na sake wa fasali sau biyar.

Abin da ya cece ni, dattijon ya ce kowace Lahadi in ajiye masa shafi biyar a tebur, ko da shirme ne. Ya ce shirme yana gyaruwa, farar takarda ce ba shi da yadda zai yi da ita. Kunyar shiga ofishinsa hannu rabbana ita ta rubuta risalar nan, ba himmata ba.

Tsohon_Malami_Riyad
Ni fa ba na son a riƙa yi wa lalaci kwalliya. Maigidanki gaskiya ya faɗa, ɗaci gare ta kawai. Abubakar Imam cikin wata shida ya rubuta Magana Jari Ce a 1936, littafi uku, babu kwamfuta, babu intanet, babu na'urar sanyaya ɗaki. Mu yau an ba mu komai, sai ƙorafi. A zauna a rubuta, magana ta ƙare.

Maman_Walid_Makka
Baba, da girmanka da komai, amma wa yake tuƙa wa Abubakar Imam tuwo a wata shidan nan?

AbuSumayya_Madina
Baba Malam, misalin naka ma ni ya goya wa baya. Imam malami ne a Midil ta Katsina, aka ɗauke shi daga aji aka kawo shi Zariya, ofishin talifi, wurin Rupert East, don wannan aikin kaɗai. Ka ga an sauke masa wani nauyin, an yanka masa wa'adi, ga kuma wanda ke jiran ya ga abin da ya rubuta. Irin Lahadin mushrifina ce, ta manya.

Tsohon_Malami_Riyad
Na ji, Ustaz. To Ruwan Bagaja fa? Yana cikin koyarwa ya rubuta shi, ya aika gasar 1933. Ba a ɗauko shi Zariya don yana zaune yana jiran ilhama ba, sai da aka ga aikinsa. Ke kuma Maman Walid, tambayarki ta shiga, ba ni da amsarta.

Sawwaƙ_Mai_Waƙa
Salam. Ni ba mai ilimi ba ne kamar ku, direban gida ne a Riyad, shekarata shida. Waƙa nake rubutawa, ta bege da ta kewar gida. Lokacina ba nawa ba ne. Ina cikin cin abinci za a kira a ce fito da mota. Amma aikinmu rabinsa jira ne: jiran yara a ƙofar makaranta, jiran uwargida ta shiga kasuwa tun bayan La'asar ba ta fito ba sai an kusa Isha. Da can TikTok da ƙwallo ke cinye jiran nan. Sai wata rana baiti ya zo mini ina zaune a mota, na ce in na koma ɗaki zan rubuta. Na koma, ya gudu, har yau bai dawo ba, kuma na san mai kyau ne. Tun ranar, da ya zo sai in danna rikoda in rera shi a waya. Da dare in kwafe a littafi.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ranar da aka ba ni hutu, yini guda nawa ne, ko ɗango ɗaya ba na iya yi. Sai in yi ta juyi a katifa. A mota kuwa, da na san ko yanzu za a ƙwanƙwasa gilashi, nan suke zubowa.

Ɗalibi_UmmulƘura
Malam Sawwaƙ, abin da ka gano a mota wani Bature ɗan Ingila mai suna Parkinson ya rubuta shi a mujallar The Economist tun 1955. Cewa ya yi aiki kumbura yake yi har ya cika lokacin da aka ba shi. Kamar garin kwaki dai, iya ruwan da ka zuba iya tashinsa.

Ni dabarar Pomodoro na gwada. Wani ɗan Italiya, Francesco Cirillo, ya ƙirƙiro ta yana ɗalibi, wajen ƙarshen shekarun 1980, da agogon kicin mai siffar tumatir. Aiki minti 25, hutu minti biyar, in ka yi zagaye huɗu ka yi dogon hutu. Ta yi mini sati biyu. Matsalar, da waya nake auna lokacin, kuma hutun minti biyar a waya kowa ya san yadda yake ƙarewa.

Daga baya na lura ai muna da agogon da ya fi na tumatir. A jadawalin Ummul Ƙura da ake bi a ƙasar nan, tsakanin kiran Magariba da kiran Isha minti 90 ne daidai, rani da hunturu, sai a Ramadan ya zama awa biyu. Ka cire salla da nafila, za ka tsira da kusan awa guda. Ba ka isa ka ɗaga shi ba, ladan ne zai tashe ka. Wayar a ɗaki nake barinta, in zauna a masallacin masaukinmu na ɗalibai da littafi da biro. Haka na rubuta bahasina na ƙarshe.

Maman_Walid_Makka
Ɗana, tsakanin Magariba da Isha a gidan mai 'ya'ya huɗu, lokacin ne ake yaƙin duniya. Wannan dabarar ta gwauraye ce.

Sista_Dammam
Aikin jinya nake yi, ni ba likitar ƙwaƙwalwa ba ce, amma na ɗan karanta a kan abin don ya taɓa cin ƙarfina. Masu binciken halayyar ɗan Adam irin su Timothy Pychyl na Kanada da Fuschia Sirois sun tafi a kan cewa jan ƙafa tun asali ba rashin iya tsara lokaci ba ne, gudun ɓacin rai ne. Aikin yana tayar miki da wani abu maras daɗi, tsoro ne, kunya ce, ko ganin ba ki isa ba, sai ki zille ki kama wani aikin da zai ba ki sauƙi nan take. Firij ba zai ce miki jimlar nan ba ta yi ba. Kin wanke ya yi fes, ranki ya yi sanyi. Gobe kuma babin ya ƙara nauyi, don yanzu har da haushin kanki a kansa. Shi ya sa yi wa kai faɗa bai cika magani ba, ƙara wa wutar itace yake yi.

Abu ɗaya da zan ja hankali a kai: in mutum ya ga ba rubutu kaɗai ba, komai ya fita ransa, barci ya lalace, abinci ba daɗi, makonni suna tafiya a haka, wannan ba maganar dabara ba ce, a ga likita.

Amma ke Ummu Hanan ban ga alamar haka ba. Babi 13 cikin wata huɗu, sannan ki tsaya cak. Mai ƙiwa tun babi na biyu yake zubewa. Me ke cikin babi na 14?

Ummu_Hanan_Jidda
Na gode ƙwarai da duk wanda ya yi magana. Sista, babi na 14 shi ne zamansu a Sudan. Har zuwa Abeshe ta ƙasar Chadi ina da labari sosai daga bakin kakata kafin ta rasu. Daga nan abin ya cuɗe mini, ban san garuruwan ba, ban san me ya zaunar da su shekara shida a can ba. Ina ganin rashin sanin hanyar ne ya tsayar da ni.

Binta_Taifin
Ni matsalata daban ce, ku ba ni aron zauren kaɗan. Ina sakin labari a WhatsApp da Wattpad, shafi-shafi. Masu karatuna kusan duk suna gida, kuma mun riga su da awa biyu. In sun gama hidima sun kwanta da waya ƙarfe sha ɗaya na dare, nan ƙarfe ɗaya ne. Sai in ce bari in leƙa in ga sharhi. Wannan ta ce a kashe kishiyar, waccan ta ce in an kashe ta ta daina karantawa, wata ta biyo ni ta bayan fage wai labarin gidansu nake rubutawa. Kafin in farga ƙarfe uku. Asuba da ƙyar, safiya a mace. Taifin ɗin da zan yi da rana sai ya koma "gobe in sha Allah". Ga shi wasu sun biya kuɗin littafin, bashi ne a kaina.

Wato ni ina da masu jira irin na Ustaz AbuSumayya, har sun yi yawa, kuma duk da haka ina jan ƙafa.

AbuSumayya_Madina
Mushrifi ɗaya rahama ne, ɗari uku kuwa fitina. Ƙanwata, ki gama shafi biyar a ɓoye kafin ki saki ɗaya, ki daina dafawa ana ci a tukunya.

Abu_Turare
Assalamu alaikum, akwai turaren wuta da humra na Sudan na asali, ana kaiwa Makka da Jidda, mai so ya yi magana.

Mai_kula_da_zaure
Malam Abu Turare, ranar talla Alhamis ce. A kiyaye don Allah.

Maman_Walid_Makka
Bari in faɗi nawa tunda na yi ta tsoma baki. Ina rubuta gajerun labarai a Facebook kan zaman matanmu a nan, kuma ina sayar da abinci. Daga tsakiyar Zulƙida zuwa farkon Muharram ni da alƙalami sai dai kallo. Tuwo da miyar kuka na alhazai tun kafin Asuba, ga waya ba ta hutawa: Hajiya wance ta sauka a unguwar Misfala, ƙanwar kishiyar goggonki ce, ki je ki gaishe ta, ki raka ta sayen dogayen riguna da dabino, ki kai ta inda ake sa haƙorin Makka. Ba ka isa ka ce a'a ba, sai labari ya riga ka isa gida.

Wannan ban kira shi jan ƙafa ba. Manomi ma yana da damina yana da rani. Inda nake cutar kaina shi ne bayan sun watse. Muharram in ce bari in huta, jikina ya yi tsami. Safar in ce bari zafi ya sauka. Kafin in ankara masu Umara sun cika gari, sai Ramadan, dare ya koma rana. Shekara ta tafi a "bukra in sha Allah". Bara na yi wa kaina wayo: ranar da na wanke manyan tukwane na kife, a ranar na rubuta shafi ɗaya, da gajiyar da komai. Mummuna ne, amma ya hana ƙofar rufewa.

Zol_MaiWurno
Salamu alaikum ya jama'a. Ku yi haƙuri da bokona, da haruffan Larabci na saba rubuta Hausa. Ni haifaffen Mai Wurno ne, a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Kakanninmu suna cikin waɗanda suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan an kashe mahaifinsa Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903. Yanzu ina Jidda.

Yaya Ummu Hanan, hanyar da kike nema ba ɓoyayya ba ce. Daga Abeshe ana bi ta Adare a shiga Junaina, sai Fashir ko Niyala, sai Ubayyid, a ƙetare Farin Nilu a Kosti. Abin da ya zaunar da su kuwa kusan na tabbata guzuri ne ya ƙare. Tun da aka gama dam ɗin Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin audugar Jazira, mutanenmu su ne 'yan ƙwadago a ciki. A yi tsinkar auduga kaka ɗaya, biyu, biyar, ana tara kuɗin jirgi. Wasu su wuce Gadarif noman dawa da riɗi. In kuɗi ya taru a gangara Sawakin, a ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda. Da yawa ba su ƙetare ba, su ne mu.

Amma ba wannan ya sa na yi magana ba. Shekara huɗu na yi ina zagayawa wurin tsofaffinmu ina naɗar muryarsu a waya. Wata tsohuwa ta rera mini waƙar da suke yi a hanya in ƙafa ta kumbura. Wani ya lissafa mini rijiyoyi da sunansu. Kullum ina cewa in na samu natsuwa zan zauna in kwafe. Ina Umdurman yaƙi ya tashi, 15 ga Afrilun 2023. Da muka fito, a wani shinge aka karɓe wayar. Ban tura ko ɗaya wani wuri ba, ban kwafe ko shafi ba. Uku daga cikin tsofaffin sun rasu tun daga lokacin. Waƙar nan baiti biyu kawai na riƙe, su ma ban yarda da kaina ba.

In akwai wanda ya rage da rai cikin waɗanda suka yi tafiyar, ki bar babi, ki bar kwamfuta, ki kira shi yau.

Sawwaƙ_Mai_Waƙa
Inna lillahi. Allah ya mayar da alheri ɗan'uwa. Yanzun nan zan tura nawa wa ƙanena a gida. Baiti biyun nan da ka riƙe, don Allah ka rubuto su ko ta bayan fage.

Ɗalibi_UmmulƘura
Allah ya kawo wa Sudan zaman lafiya. Kowa ya riƙa ajiye aikinsa wuri biyu, ko imel ka tura wa kanka ya wadatar.

Anti Ummu Hanan, kada shekara ukun ta karya miki gwiwa. Ibnu Hajar ya fara Fathul Bari, sharhinsa na Sahihul Bukhari, a 817 Hijiriyya, bai gama ba sai 842. Imam Nawawi da duk himmarsa ya rasu a 676 bai kammala Majmu'u, littafinsa na fiƙihu, ba, a babin riba ya tsaya, wasu suka ɗora.

Tsohon_Malami_Riyad
Yaro, Ibnu Hajar shekara 25 ya yi yana rubutawa, ba shekara 25 yana shirin rubutawa ba. Kada ku mai da malamai matashin kai.

Binta_Taifin
Baba Malam, tun ɗazu kake ta zane mu. Kai ina naka littafin?

Tsohon_Malami_Riyad
Biyu na buga a Kano, 'yata, lokacin ana rububin littattafan soyayya a shekarun 1990. Nawa ba na soyayya ba ne. Kwalayen suna nan a ɗakin ƙanena, gara ta ci na ƙasa. Gamawa ba ita ce samun masu karatu ba, wannan wani ciwon ne daban. Amma dai na gama, ba wanda ke bina bashi.

Ummu_Hanan_Jidda
Malam Zol, Allah ya saka da alheri, ya jiƙan tsofaffin nan. Maganarka ta hana ni barci. Sai dai in faɗa muku gaskiya ku yi dariya: daren jiya har ƙarfe biyu ina karanta tarihin dam ɗin Sinnar da yadda ake ban ruwan auduga. Na san abin da ban sani ba, ban rubuta ko harafi ba. Ina rufe kwamfutar na ce wa kaina, yau kuma wani firij ɗin kika samu.

Sista, tambayarki ban amsa ta da gaskiya ba. Na san abin da ke cikin babi na 14. A Gadarif kakata ta bar 'yarta ta fari, tana da shekara bakwai, a hannun wasu mutane da suka ranta musu kuɗin jirgi. An yi alkawarin in sun dawo daga Hajji za su ɗauke ta. Ba ta hanyar suka koma ba. Har ta rasu ba ta sake ganinta ba, kuma sau ɗaya tak ta ba ni labarin, tana tsefe mini kai, ba ta yarda na juyo na kalle ta ba. Mahaifiyata da ta ji ina rubuta littafin, cewa ta yi, "Ki rubuta komai, ban da wannan." Saura mutum ɗaya da aka haifa a hanyar, Goggona, 'yar'uwar mahaifiyata, tana Haɗejia, ta haura tamanin.

In na tsallake, littafin ƙarya ne, don duk abin da ya biyo baya a rayuwarta daga nan ya taso. In na rubuta, na saɓa wa uwata.

Sista_Dammam
Allah sarki. To kin ga ba ƙiwa ba ce. Ki nuna wa maigidan wannan.

AbuSumayya_Madina
Maganar ta tashi daga inda muka faro ta. Ni dai ba zan ba ki shawarar ki fitar da abin da mahaifiyarki ta hana ba, haƙƙinta babba ne, kuma rufin asirin iyali abin so ne. Amma rubutawa daban, bugawa daban. Ba ta hana ki sani ba, ba ta hana ki ajiye wa 'ya'yanki ba. Kuma abin da kike nufi ba aibata mamaciya ba ne, uzurinta kike son a gani. Wataƙila in ta ji yadda kika rubuta shi zuciyarta ta sauko. Wataƙila kuma a'a, sai ki haƙura.

Binta_Taifin
Anti ki canza sunaye da gari mana, ki ce ƙagaggen labari ne. Mu haka muke yi kullum.

Maman_Walid_Makka
Binta, dangi ba wawaye ba ne. Na taɓa mai da wata mata 'yar Zinder alhali 'yar Gusau ce, na ƙara mata 'ya'ya biyu, duk da haka sai da ta daina gaishe ni wata shida. Ni a ganina Ummu Hanan ta bi uwarta a hankali. Tsofaffi sukan ce a'a da baki alhali so suke a sake tambaya. Ita ma fa 'yar'uwarta ce aka bari.

Zol_MaiWurno
Ban yarda a ce asiri ne da za a rufe ba, ya Ustaz, da girmamawa. A wurinmu wannan ba abin kunya ba ne, labarin gidaje da yawa ne. Akwai tsofaffin mata a Gadarif da Kasala da suka tashi suna jin cewa iyayensu sun wuce gabas za su dawo. Ku a can kuna ɓoyewa, su a nan suna jiran a tambaye su. Yaya, in Goggo ta tuna sunan yarinyar da sunan unguwa ko na mai gidan, ki ba ni. Ban yi alkawari ba, mutane sun warwatsu, amma ina da wanda zan tambaya.

Tsohon_Malami_Riyad
Na janye kalmar lalaci a kanki, ban janye ta a kan sauran ba. Amma wa ya ce dole sai an bi babi a jere? Mai gini ma yakan bar gurbin taga ya ci gaba da jera bulo. Rubuta na 15, Sawakin da jirgin ruwa. Rubuta ranar da ta fara ganin Ka'aba. Na 14 ya jira hukuncin mahaifiyarki. Kuma tunda Ustaz ya ce mushrifi ɗaya rahama ne, ni na ɗauki aikin. Lahadi, shafi biyar.

Haruna_Yanbu
Afuwan, na shigo a makare. Tambaya a gefe: wane allon rubutu kuke amfani da shi mai ƙ da ɗ da ɓ? Ni abin da ke kashe mini gwiwa ke nan, in gama shafi in dawo ina bin ƙugiya ɗaya-ɗaya.

Ɗalibi_UmmulƘura
Gboard yana da Hausa, ka ƙara ta a cikin harsuna. Amma shawarata kada ka tsaya gyaran ƙugiya kana tsakiyar rubutu, nan ma wata maɓoyar ce. Ka bari sai ka gama.

Haruna_Yanbu
Na sa, ya yi. Yanzu kuma sai in nemo wani uzurin.

Ummu_Hanan_Jidda
Na kira Goggo ranar Juma'a bayan sun sauko daga masallaci, jikarta ta riƙe mata wayar. Minti 47, na naɗa, na tura wa kaina ta imel, na tura wa ƙanwata, Malam Zol ka ji. Rabin hirar a kan wani jaki ne da suka saya a hanya mai cizon mutane, da yadda ƙaya ke shiga ƙafa a gonar auduga. Ban tambaye ta yarinyar ba, na kasa. Muna sallama sai ta ce, "Ke, kin san muna da Yaya a can ko?" Ta faɗi sunan. Unguwar ce ta ce ta manta, amma wai akwai kasuwar dawa kusa, kuma mai gidan mahauci ne.

Mahaifiyata ban yi mata maganar ba tukuna.

Zol_MaiWurno
Gadarif duk kasuwar dawa ce, ya Yaya, amma mahauci Bahaushe ya rage nisa. Turo sunan ta bayan fage.

Tsohon_Malami_Riyad
Yau Lahadi.

Ummu_Hanan_Jidda
Uku da rabi ne, Baba, na Sawakin. Ban ji daɗinsu ba ko kaɗan, jirgin ya fito kamar kwalekwalen Wudil. In turo haka?

Tsohon_Malami_Riyad
Turo. Ɗaya da rabin bashi ne.

Binta_Taifin
Baba ni ma za ka karɓi nawa, ko ajin ya cika?